Bayani A Kan Na'urar Gano Ƙarfe: Abin Da Take Ji A Cikin Ƙasa Da Abin Da Ba Ta Ji

Ya ku 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, yau mun ɗan jingine farashin gero da dawa domin mu yi magana a kan wata haja wadda ta shigo hannunmu ba tare da mun san kanta ba, watau na'urar nan mai faifai da sanda wadda ake shafa wa ƙasa tana kuka in ta ji ƙarfe.

Dalili kuwa shi ne, tun shekarar 2014 da aka ga zinariya a Jado da Cibarakatan, can arewacin Nijar, bayan an riga an gan ta a Sudan da arewacin Cadi, sai wannan na'ura ta zama abin nema. Har bayan da gwamnatin Nijar ta rufe Jado a 2017 maganarta ba ta mutu ba. Mutum zai zo rumfarka ya ce a nemo masa ita, ko ya kawo ta ya ce a sayar, ko ya ce ka zuba jari ku yi tarayya. Mun ga wanda ya kwashe buhunan da ya ajiye don bazara ya sayar ya sayi na'ura, aka je daji ta ƙi yin shiru ko'ina aka ɗora ta, ya komo ba hatsi ba zinariya. To, ku sani wannan abu ma'auni ne kamar sikeli. Ba ta duba, ba ta san gaibu ba. Tana da iyaka, kuma wanda ya san iyakarta shi ne ba a cuta, shi kuma ba ya cutar wani.

Fasali na farko: Asalinta

A 1881 aka harbi shugaban Amurka James Garfield, harsashi ya ɓace cikin jikinsa. Alexander Graham Bell, mai wayar tarho, ya haɗa wata na'ura don ya gano inda harsashin yake, bai dace ba, kuma cikin dalilan da ake faɗi har da wayoyin ƙarfe na gadon da aka kwantar da shugaban. Ku riƙe wannan, domin har yau ciwon na'urar ke nan: ƙarfen da ba shi ake nema ba shi ne ya fi amsawa.

A cikin shekarun 1930 wani Bajamushe mazaunin Amurka, Gerhard Fisher, ya fara ƙera ta don sayarwa. A 1941 wani hafsan sojan Folan, Jozef Kosacki, ya ƙera wadda ake neman nakiya da ita, sojan Ingila suka yi aiki da ita a yaƙin Alamain na ƙasar Masar a 1942. Da aka samu ƙananan kayan lantarki masu aiki da batir sai na'urar ta yi sauƙin ɗauka, ta zama abin sha'awa ga Turawa. A Ingila da Amurka mutum yana da aikinsa na albashi, ran hutu sai ya ɗauki na'ura ya shiga gona ko bakin teku yana neman tsofaffin kwabbai da zobba da maɓallai, kamar yadda wani ke fita farauta ko kamun kifi don nishaɗi. Su ne suka daɗe suna gwada ta, saboda haka daga wurinsu aka samu mafi yawan sanin da za mu kawo.

Fasali na biyu: Yadda take aiki

Cikin faifan nan akwai naɗin waya iri biyu. Ɗaya yana tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, ɗaya yana saurare. In ƙarfin ya tarar da ƙarfe sai ya tayar da 'yar wuta a jikinsa, ƙarfen ya mayar da amsa, na'ura ta juya amsar ta zama sauti a kunne, wani lokaci da lamba a fuskarta. Shi ke nan aikin. Ba hoto take ɗauka ba, ba ƙamshi take ji ba.

Kowane ƙarfe da irin amsarsa. Azurfa da jan ƙarfe suna ba da siririyar murya da lamba babba. Baƙin ƙarfe, kamar ƙusa da guntun fartanya, yana ba da gurnani da lamba ƙarama. Zinariya kuwa tana faɗawa tsakani, kuma nan ne wahalar take, domin zoben zinariya da marfin gwangwanin lemo na alminiyam sukan ba da lamba ɗaya. Ƙaramar zinariya ma takan yi murya irin ta takardar alminiyam ta kwalin taba. Saboda haka wanda ya murɗa na'urarsa ya ce ta yi watsi da tarkace duka, ya yi watsi da zinariyar tare. Duk wanda ya ce muku tasa zinariya kaɗai take ji, bai faɗi gaskiya ba.

Lambobin ma ba ɗaya suke ba. Galibi daga 0 ne zuwa 99, amma kowane kamfani da nasa lissafi, kamar yadda mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. Kada a ɗauki lambar wata na'ura a yi wa wata hukunci da ita.

Fasali na uku: Maganar zurfi

Nan ne aka fi yi wa mutane ƙarya. Na'ura ta ƙwarai tana jin abu mai girman kwabo daga inci 8 zuwa 12, watau taƙi guda ko da ɗan ɗori. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka sani ita ce, zurfin da faifai ke jin kwabo bai cika wuce faɗin faifan kansa ba. Babban abu kamar tukunyar ƙarfe ana iya jinsa a ƙafa uku ko huɗu. Amma ƙaramin abu in ya yi nisa da faifai, ninka nisan sau biyu yakan sa amsar ta koma kusan kashi 1 cikin 64. Shi ya sa ƙarin inci biyu ko uku kawai ke sa kuɗin na'ura ya ninka.

Ku dubi manyan abubuwan da aka samu da ita, duk a kusa suke. A 1980, a Kingower ta ƙasar Ostareliya, an ciro curin zinariya mai kilo 27 da 'yan kai, zurfinsa inci 12 kacal. A 2010, kusa da garin Frome na Ingila, an samu tulu ɗauke da kwabban Rumawa 52,503, bakinsa yana kamar inci 14 daga sama. Dukiyar Staffordshire da aka gano a 2009, zinariya kilo 5 da ɗoriya da azurfa kusan kilo ɗaya da rabi, a cikin ƙasar noma take, garma ma ta riga ta warwatsa ta, kuma da tsohuwar na'ura aka same ta. Ashe ba tsadar na'ura ce ta kawo ba, sanin wuri ne da haƙurin tafiya.

Har wa yau, na'ura curi take ji, ba ta jin gari. Zinariyar da ke cikin yashin rafi kamar ƙura, wadda sai an wanke a kwano, da wadda ke cikin dutse sai an niƙa, irin ta wurare da yawa a Zamfara, na'ura za ta wuce ta kansu ba ta ce uffan ba. Kafin mutum ya saya ya fara tambaya: zinariyar wurin da za shi, curi ce ko gari?

Fasali na huɗu: Ƙasa ma tana magana

Duk mai awo ya san ba a auna hatsi sai an cire nauyin buhu. Haka na'ura take. Ƙasa da kanta tana da sinadarin ƙarfe, musamman jar ƙasa da marmara da baƙin yashi mai tama, kazalika ƙasa mai gishiri ko kanwa in ta jiƙe. Irin wannan ƙasa tana amsa wa faifai, har muryarta ta danne muryar abin da ake nema. Don haka ake daidaita na'ura da ƙasa kafin a fara: a nemi wuri marar ƙarfe, a riƙa ɗaga faifai ana saukewa ana murɗa maɓalli har ta yi shiru. Waɗansu suna yin haka da kansu. In an canja wuri, a sake.

Abin lura shi ne, ƙasar da zinariya ke zama ita ce galibi mai yawan sinadarin nan. Na'ura mai araha wadda aka yi don neman kwabo a lallausar ƙasar gonakin Ingila, in ka kai ta tsakuwar hamada ko kan marmara, sai ta yi ta kuka ba dalili. Mai ita ya ce an sayar masa da matacciya, alhali lafiyarta ƙalau, wurin ne ba nata ba. Rigimar dillali da mai saye takan fara daga nan.

Fasali na biyar: Ire-irenta da bambancinsu

Iri na farko shi ne wanda ake rubuta VLF a kwalinsa, mu kira shi mai tantancewa. Yana tura bugu ba yankewa, yana iya raba baƙin ƙarfe da sauran, ba shi da nauyi, kuma shi ya fi araha. Ana auna bugunsa da kilohaz, watau bugu dubu a daƙiƙa guda. Mai ƙaramar lamba, kamar 5 zuwa 8, ya fi jin azurfa da manyan abubuwa masu ɗan zurfi. Garrett ACE 250 na kamfanin Garrett na Amurka, wanda aka kafa a 1964, kilohaz 6.5 ne, na 'yan koyo masu neman kwabo. Mai babbar lamba ya fi jin ƙananan ƙwayoyin zinariya a kusa: Gold Monster 1000 na kamfanin Minelab kilohaz 45 ne, Gold Bug 2 na kamfanin Fisher kuwa 71.

Iri na biyu shi ne PI, mu kira shi mai nutso. Shi bugu yake yi mai ƙarfi ya tsaya ya saurara, ya sake. Amsar ƙasa tana saurin mutuwa, amsar ƙarfe tana ɗan jimawa, da haka yake tsallake sinadarin ƙasa ya yi zurfi. GPX 5000 na Minelab, wanda ya fito a 2010, irin wannan ne, kuma danginsa su ne suka yi suna a filayen zinariya na Sudan da hamada. Aibinsa uku: ga tsada, ga nauyi da cin batir, kuma bai iya tantancewa sosai ba. Sai ka yi haƙan kamu guda cikin rana ka ciro tsatsar gwangwani. A cikin kango ko tsohuwar kasuwa inda ƙusoshi suka yi yawa, wahala kawai zai ba ka. Akwai kuma GPZ 7000 na 2015, wanda ya fi shi nutso, nauyinsa ya haura kilo 3, sai da ɗamara ake yini da shi.

Iri na uku shi ne mai tura bugu iri-iri lokaci guda, kamar Equinox na Minelab da ya shigo kasuwa a 2018, da Deus II na kamfanin XP na Faransa, da Legend na kamfanin Nokta na Turkiyya. Waɗannan su ne masu sha'awar neman tsofaffin kaya suka fi so, domin suna tantancewa kuma suna jure gishirin bakin teku. Amma a ƙasa mai tsananin sinadari ba su kai mai nutso zurfi ba.

Ta wajen kuɗi, na 'yan koyo suna farawa daga dala ɗari biyu ko uku, manyan na zinariya kuwa dubban daloli ne. Shi faifai ma ana canja shi: babba ya fi zurfi da cin fili amma yana tsallake ƙananan abubuwa, ƙarami ya fi raba abu biyu da ke kusa da juna. Taƙaice dai, ba a cewa wace ce ta fi kyau, sai a ce wace ce ta dace da ƙasa kaza da abu kaza. Ba a aiken jaki aikin raƙumi.

Fasali na shida: Yadda ake gane abin da ke binne

Gwani yana riƙe faifai a kwance, inci guda daga ƙasa, yana shafawa dama da hagu a hankali, kowace shafa tana hawa kan rabin ta baya don kada a bar gurbi. Ba ya ɗaga faifai a ƙarshen shafa. Yana sa abin saurare a kunne, domin abu mai zurfi raɗa yake yi, ba ihu ba. Ba ya sa takalmi mai ƙarfe, ba ya aiki ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, wayar hannunsa ma yakan kashe ta.

In ya ji murya ba ya saurin haƙa. Sai ya sake shafawa, sa'an nan ya juya ya shafo wurin ta gicciye. Abin kirki, kamar kwabo ko zobe, yana ba da murya ɗaya mai tsabta ta kowace fuska, lambarsa ba ta tsalle. Ƙusa da marfin kwalba mai tsatsa sukan yi daɗi ta fuska ɗaya, su karye ta ɗaya fuskar. In ya ɗaga faifai taƙi guda sama muryar tana nan da ƙarfinta, to, babban abu ne, galibi gwangwani. Inda layukan nan biyu suka haɗu nan ne tsakiyar abin. Sai ya yanka ƙasa kewaye, ba a kai ba, don kada ya ji wa abin rauni ya karya masa daraja. Akwai 'yar ƙaramar na'ura kamar tocilan da ake zurawa cikin ramin, aikinta kamar na ƙarfen nan da muke soka wa buhu mu ga abin da ke ciki. In ya gama ya mayar da ƙasa ya rufe ramin, ya tafi da tarkacen.

Ku sani kuma, su kansu gwanayen sun yarda mafi yawan abin da suke haƙowa shara ce. Sa'an nan a wuraren da aka yi yaƙi, kamar arewacin Cadi da waɗansu sassan arewacin Nijar, ƙarfen da ke amsawa yana iya zama nakiya. Wannan ba wurin gwaji ba ne.

Fasali na bakwai: Na wane ne abin da aka samu?

A 1992, a ƙauyen Hoxne na Ingila, wani manomi ya yar da gudumarsa a gona, ya roƙi abokinsa mai na'ura ya nemo masa. Sai ga cokulan azurfa da kwabbai. Mutumin bai kwashe ba, ya tsaya aka kira hukuma, masana suka tono kwabban Rumawa 14,865 da kayan zinariya da azurfa kimanin 200. Aka biya fam miliyan 1 da dubu 750, ya raba da manomin. Gudumar ma an same ta.

Bayan wannan aka yi dokar 1996, wadda ta ce duk wanda ya samu abin da ya kai shekara 300 mai ɗauke da zinariya ko azurfa kashi 10 cikin 100, lalle ya sanar cikin kwana 14. Ana ƙiyasta kuɗinsa, gidan tarihi ya saya, bisa al'ada a raba biyu tsakanin mai na'ura da mai gona. Dukiyar Staffordshire an yi mata kuɗi fam miliyan 3 da dubu 285, haka aka raba. Waɗansu mutum biyu kuwa da suka samu dukiya a Herefordshire a 2015 suka ɓoye suna sayarwa a asirce, an ɗaure su a 2019. Kuma ko'ina ba a shiga gonar mutum sai da izninsa.

A Nijeriya dokar 1979 ta hukumar gidajen tarihi ta hana tonon kayan tarihi ba tare da izni ba, ta hana cinikinsu sai ta hannun wanda aka yarje wa, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta ce ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne. Dillalin da aka kawo wa tsohon abin da aka haƙo ya kula da wannan. Malamanmu ma ba su bar mas'alar ba. Mun karanta a Risala cewa rikazi, watau binnen mutanen jahiliyya, ana fitar da humusinsa. Abin da ke da alamar Musulmi kuwa tsintuwa ne, sai an yi cigiya. Wanda abin ya same shi ya je ga malami.

Fasali na takwas: Sharuɗɗan ciniki

Abu biyu ne ke cin kuɗin mutane. Na farko jabu. Kamfanin Codan na Ostareliya, wanda ya mallaki Minelab tun 2008, ya sha kuka a kan jabun na'urorinsa da suka cika kasuwannin Afirka. Kwali da fenti da suna duk ɗaya, cikin ne fanko. Na biyu shi ne abin nan mai eriya da ke juyawa a hannu, wanda ake cewa yana nuna zinariya daga nisan mil guda ko zurfin gaba ashirin. Hannun mai riƙewa ne ke juya shi. A 2013 kotun Ingila ta ɗaure wani ɗan kasuwa shekara 10 saboda sayar wa Iraƙi da waɗansu ƙasashe irin wannan abu da sunan mai gano bam, alhali ba kome a cikinsa.

Saboda haka ga shawararmu, ba a cinikin biri a sama. Kada ku yarda da gwajin cikin shago inda ake wuce zobe a gaban faifai a iska, domin iska ba ta da sinadari. A fita fili, in da hali mai irin ƙasar da za a yi aiki. Ku binne tsohon kwabo da ƙusa da ɗan guntun zinariya ko darma kamar ƙwayar dawa, kowanne da ramin kansa, a zurfin da kuka auna, kuma kada mai sayarwa ya ga inda kuka sa. Sa'an nan a ba shi na'ura ya nemo. A duba lambar jikin na'urar a tabbatar da ita wurin wakilin kamfanin. A tambayi batir da caja da faifan canji, da wanda zai gyara in ta lalace. A rubuta a takarda, gaban shaidu, sunan na'urar da abin da aka ce tana yi, da wa'adin mayarwa. In tarayya ce, a rubuta rabon tun kafin a tashi.

Kai kuma dillali, la'adarka a kan na'ura kake ci, ba a kan zinariya ba, don haka kada ka yi wa kowa alkawarin abin da ke cikin ƙasa. Wanda kuma zai saya, ya saya da kuɗin da in sun tafi gidansa ba zai kwana da yunwa ba. Jarin hatsi da abincin iyali ba na wannan ba ne.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Haza wassalam.